Darasi na 9: Adana Zanen Surfani da Gyara Shi a Kwamfuta

Babbar riga ta aikin hannu ba mutum ɗaya ke gama ta ba. A birnin Zariya, ko Kano, ko Bida, idan maɗinki ya haɗa rigar, sai a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajirin da hannunsa ya faɗa da alƙalami. Shi zai zana aska biyu ko aska takwas ta wajen aljihu, ya kewaya tambari a dama da kuma baya. Daga nan a miƙa wa mai allura, ya yi ta bin layin tawada har tsawon makonni, wani lokaci watanni. Mai allura bin sawu yake yi, amma yana da ido, yana da yatsa. In ya ji yadi ya fara tattarewa sai ya sassauta zare, in ya ga mai zane ya ɗan karkace sai ya daidaita, ba wanda zai sani.

Injin surfani na zamani, wanda a kasuwa ake ce wa monogiram, ya karɓi aikin mai allura, amma bai gaji idonsa ba. Abin da aka ba shi, shi zai zuba a kan yadi, ko da shaddar ta dubun dubata ce. Saboda haka duk hankalin da a da aka raba tsakanin mutum biyu yanzu ya tattaru a kan wanda ke zaune gaban kwamfuta, wato ku. A darussan baya kun koyi ɗaura yadi a firam da zura zare. Yau za mu koma kan kwamfutar: mene ne a cikin fayil ɗin zane, yaya ake ajiye shi a same shi ranar da ake nema, kuma wane gyara ne yake ɗauka, wanne ne yake ɓata shi.

Fayil ɗin zane ba hoto ba ne

Wannan shi ne abu na farko da nake so ya zauna muku. Abokin ciniki zai zo da hoton wuyan kaftani da ya ɗauka a wurin ɗaurin aure, ya ce a sa masa a inji yanzu-yanzu. Ku yi masa bayani cikin ladabi cewa inji ba ya karanta hoto. Abin da yake karantawa jerin umarni ne: matsa dama kaza, matsa sama kaza, soka allura, sake matsawa, sake sokawa, tsallake nan ba tare da ɗinki ba, tsaya a canza zare. Tazarar da ke tsakanin sukar allura ɗaya da ta gaba ita za mu riƙa kira taku a wannan littafi. Ƙaramin tambarin makaranta da ake ɗinkawa a ƙirjin riga yakan ci taku dubu biyar zuwa goma, wuyan kaftani mai cika kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Kafin filashi, kafin ma faifan kwamfuta, ana huda waɗannan umarni ne a jikin doguwar takarda mai kama da tef, inji ya bi ramukan yana karantawa. Dabarar ta gangaro daga masaƙar Jacquard ta ƙasar Faransa, wadda tun farkon ƙarni na 19 take saƙa ado da kati mai ramuka. Fayil ɗin da aka fi amfani da shi a shagunanmu, mai suna DST, na kamfanin Tajima na ƙasar Japan, jikan wannan takarda ne, kuma har yau halinta yake da shi. Yana auna motsi da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Taku ɗaya a cikinsa ba ya wuce milimita 12.1, in tafiyar ta fi haka sai a raba ta da tsalle. Ko yanke zare ba shi da umarni na kansa a DST: tsalle ne ake jerawa, yawanci uku, inji ya fahimci cewa nan ake so ya yanka.

Sannan DST ba ya riƙe launi. Abin da ya sani kawai shi ne "a nan za a canza zare". Shi ya sa za ku tsara aiki da ruwan zuma da fari, ku buɗe shi a wata kwamfutar ku tarar da kore da shuɗi. Fayil ɗin bai lalace ba, manhajar ce ta cike gurbin da launin da ta ga dama. Ku ne za ku gaya wa inji cewa zare na farko yana allura ta uku, na biyu yana ta bakwai. Don haka duk zanen da ya wuce launi ɗaya, a rubuta jerin launukansa a ajiye tare da shi. Yawancin manhajoji suna fitar da takardar aiki mai ɗauke da hoton zanen, faɗinsa da tsawonsa, yawan taku da jerin zare. Ku buga ta, ko ku kwafe ta a littafi da biro.

Kowane gidan inji da harshensa. Injinan Brother suna cin PES, na Janome JEF, na Melco da Bernina EXP, na Husqvarna Viking da Pfaff kuma VP3. Manyan injinan da ake shigowa da su daga Sin, waɗanda da yawansu ke ɗauke da allon sarrafawa na kamfanin Dahao, suna karɓar DST ba gardama. Juya fayil daga wannan harshe zuwa wancan aikin minti ɗaya ne a manhaja: a buɗe, a sake ajiyewa da sabon nau'i. Canza haruffa ukun ƙarshen sunan fayil da hannu kuwa ba ya juya komai, kamar a sauya wa buhun gero lamba a ce shinkafa ce.

Uwa da 'ya

Duk waɗannan da na lissafa fayilolin inji ne. Akwai wani nau'in dabam, wanda manhajar tsara zane take ajiyewa don kanta. A manhajar Wilcom, ta wani kamfani da aka kafa a birnin Sidni na Ostareliya a 1979, sunansa EMB. A manhajar Ink/Stitch kuwa, wadda za mu yi maganarta a gaba, SVG ne. Wannan shi za mu kira uwa, fayil ɗin inji kuma 'ya.

Bambancinsu babba ne. Uwa ta san siffofi. Ta san cewa wannan ganye ne, iyakarsa daga nan zuwa nan, a cike shi da ɗinki iri kaza, zare ya kwanta ta wannan kusurwa, a bar tazara kaza tsakanin layi da layi. In kun ƙara wa ganyen girma, sai ta sake lissafi, ta ƙaro taku gwargwadon sabon filin. 'Ya kuwa ba ta san ganye ba, ɗigo-ɗigon sukar allura kawai ta sani. Uwa garin tuwo ce, ana iya tuƙa shi da tauri ko da laushi, a yi malmala babba ko ƙarama. 'Ya tuwo ne da aka riga aka kwashe.

Gaskiya ne manhajoji masu ƙarfi suna ƙoƙarin duba fayil ɗin inji su yi hasashen siffofin da ke ciki. Wani lokaci su dace, wani lokaci su farfasa ganye ɗaya gida ashirin. Kada ku dogara da wannan. In kun biya wani ya tsara muku zane, ku yi ciniki tun farko a kan ya ba ku uwa da 'ya gaba ɗaya. Wasu za su ƙara kuɗi, kuma kuɗin ya cancanta. In ku kuka tsara, ku fara ajiye uwar kafin ku fitar da ta inji, kuma duk gyaran da za a yi nan gaba a koma kan uwar a yi shi, a sake fitar da sabuwar 'ya.

Rumbun zane

Na taɓa zama a wani shago ana saura kwana shida Ƙaramar Sallah. Wani dattijo ya zo da kaftani a hannu, ya ce irin aikin da aka yi masa bara yake so a yi wa 'ya'yansa uku. Mai shagon ya tabbata zanen yana cikin kwamfutarsa. Ya yi kusan awa biyu yana buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya, wannan sunansa "sabo", wancan "sabo2", na gaba "na alhaji", ga inji mai kai shida a tsaye, ga janareta na shan mai. Bai same shi ba. Daga ƙarshe hoton rigar aka ɗauka aka sake biyan mai tsarawa. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin gwani ne a kan inji, kuma asarar da ya yi a wannan yammacin ba ta rashin iya ɗinki ba ce.

Zanen da kuka tara jari ne, kamar inji, kamar zare. Yadi yakan ƙare, allura takan karye, amma zane mai kyau ɗaya sai ya yi muku aiki sau ɗari. To jari ba a watsa shi a tsakar gida.

Ku buɗe babbar folda guda, ku ba ta suna, misali RUMBU. A ciki ku ware ta bisa yadda ake tambayar aiki a shagonku: wuyan kaftani, hannu da aljihu, babbar riga, hula, kayan mata, zanen gado da labule, tambarin makarantu da ƙungiyoyi. Kada foldoji su yi ta shiga cikin juna har hawa biyar, hawa biyu ko uku ya isa. Kowane zane a ba shi lamba tasa wadda ba za a sake ba wani ba, da harafin da ke nuna danginsa: K0147 ga kaftani, H0032 ga hula. Sunan ya zama gajere, domin allon tsofaffin injina da yawa ba ya nuna fiye da harafi takwas, kuma kada a sa ɗ, ƙ ko ɓ a sunan fayil, inji kan mai da su shirme ko ya ƙi ganin fayil ɗin sam. In zane ɗaya yana da girma biyu, na manya da na yara, a bambanta da harafi a ƙarshe: K0147A, K0147B. Uwa da 'ya da hoton aikin da aka gama su zauna wuri ɗaya da lamba ɗaya.

Amfanin lambar yana fitowa ne idan kuka haɗa ta da kundin da abokan ciniki ke dubawa. A liƙa hoton kowane zane, ko ma ƙyallen gwajinsa, a rubuta lambar a ƙasa. Mutum ya nuna da yatsa, ku rubuta K0147 a rasit, yaron inji ya nemo K0147. In ya dawo baɗi, littafin rasit zai gaya muku abin da aka yi masa.

Windows da kanta ba ta nuna hoton fayil ɗin surfani, sai dai ku ga jerin sunaye. Nan ne manhajar sarrafa zane ke shigowa. Embird tana da sashen da ke baje zane-zanen folda a ga kowanne da girmansa da yawan takunsa, Hatch ta kamfanin Wilcom tana da matakin da aka yi musamman don tsara rumbu, Embrilliance ma tana da ƙaramar manhaja mai sa hoton zane ya bayyana a cikin folda. Da irinsu za ku iya juya fayil hamsin daga PES zuwa DST a lokaci guda, ku kuma buga kundi.

Sai maganar filashi. Filashi jakar kai saƙo ce tsakanin kwamfuta da inji, ba ma'ajiya ba. A ware wa inji nasa guda, ƙarami, wanda aka tsara da FAT32, domin shi yawancin injina ke ganewa. A zuba masa aikin ranar kaɗai. Kada a ba da aronsa a je a turo waƙa ko fim, ta nan ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli take shiga shago. Rumbun kansa kuma ya kasance yana da kwafi aƙalla biyu ban da na kwamfutar aiki: ɗaya a wani faifai da ke kwana a gida, ɗaya a intanet, kamar Google Drive. Mun sha ganin gobara a kasuwanninmu, kuma kwamfuta da faifan da suka kwana a shago ɗaya tare suke tafiya. Ku sa wa kanku rana, a ce kowace Alhamis kafin a rufe, ku sabunta kwafin. In za ku tura wa wani zane ta WhatsApp, ku tura fayil ɗin kansa a matsayin takarda, hoton allon kwamfuta ba zai yi masa komai ba.

Gyaran da zane ke ɗauka

Kafin a taɓa komai, a ajiye kwafi da sabon suna, a yi gyaran a kansa. Kuma da yake wuta ba ta sallama kafin ta tafi, yatsunku su saba da danna Ctrl da S bayan kowane ɗan aiki.

Kusan duk zanen da za ku gani da ɗinki iri uku aka gina shi. Akwai ɗinkin layi, taku bayan taku kamar na keken ɗinki. Akwai satin, inda zare ke kaiwa da komowa daga gefe zuwa gefe ya ba da sanda mai sheƙi, shi ne ke fitar da rassa da haruffa da bakin wuya. Akwai kuma na cike fili, wanda Wilcom ke kira tatami, sunan tabarmar Japanawa, kuma in kun dube shi da kyau saƙar tabarma ce. A ƙarƙashin satin da tatami akwai wani ɗinki mara yawa da ake fara yi, wanda ba a gani in an gama. Shi ne shimfiɗa: yana kama yadi da takardar da aka sa a ƙasa, ya ba zaren sama abin hawa. Masu gaggawa sukan cire shimfiɗa don a rage lokaci. Aikinsu kan fito a kwance, bakinsa a tsattsage, kuma wanki biyu ke tona musu asiri.

Gyaran da aka fi nema shi ne canza girma, kuma shi ya fi ɓarna. Mu yi lissafi. Da zare mai lamba 40, wanda shi ne na yau da kullum, tazarar da aka saba bari tsakanin layukan satin wajen milimita 0.4 ce. A ce kuna da fayil ɗin inji mai faɗin santimita 10, kuka ja shi ya koma 15 ba tare da an sake lissafin taku ba. Yawan taku bai canza ba, sai dai tazarar ta koma milimita 0.6, yadi ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare. Sandar satin mai faɗin milimita 6 ta koma 9, zaren ya yi sako-sako, maɓallin agogo ko ƙugiyar ƙofar mota ta kama shi. Yanzu a juya: a matse zanen ya koma santimita 5 don rigar yaro. Tazara ta koma milimita 0.2, allura tana soka kusan rami ɗaya sau biyu, zare na tsinkewa, allura na zafi, wurin ya yi tauri kamar fata, wani lokaci ma yadin ya yanke. Saboda haka ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita: fayil ɗin inji kada a ƙara ko a rage shi fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Abin da ya wuce haka, a koma wa uwa. Ko a uwar ma a duba bayan an canza: satin da ya haura milimita 7 a kayan sawa gara a raba shi ko a mai da shi tatami, wanda kuma ya sirance ƙasa da milimita 1 a mai da shi layi.

Juyin madubi gyara ne mai sauƙi mai amfani. Hannun dama da na hagu, ko gefe biyu na tsagar kaftani, ɗaya ake tsarawa, a kwafa, a juya. Amma a lura da abu biyu. In akwai rubutu a ciki, shi ma zai juye, sai a cire shi kafin a juya a mayar daga baya. Na biyu, babbar riga ta gargajiya ba a yi ta don ɓangarorinta su yi daidai ba: aljihu da asake suna hagun mai sawa, tambari yana dama. Wanda ya juya wannan bisa kuskure ya yi rigar da duk dattijon da ya gani zai san an yi aika-aika.

Sai jerin ɗinki. Kowace manhaja tana da wurin da take nuna sassan zane bi da bi yadda inji zai ɗinka su, tana kuma da maɓallin da ke kwaikwayon ɗinkin a allo. Ku riƙa kallon wannan kwaikwayo har ƙarshe, ko da kuna sauri. Nan za ku ga inda allura ke tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan ba dalili, da inda aka koma wa launi ɗaya sau huɗu. Kowane canjin zare da kowace yanka suna cin daƙiƙoƙi, kuma a nan zare ya fi zarewa daga allura. In kun haɗa zane biyu ko uku a firam ɗaya, manhaja za ta iya tattara launuka iri ɗaya su bi juna. Sai dai a yi hattara inda wani sashe ya hau kan wani: abin da ke ƙasa dole ya riga na sama, layin da ya kewaye fure kuma ya biyo bayan furen nan da nan, kafin yadi ya motsa.

Rubutu yana da tasa matsalar, kuma a wurinmu ta ninka. Harafin da bai kai tsayin milimita 5 ba da wuya ya fito sarai da zare mai lamba 40, cikin "a" da "e" yakan toshe. Sannan yawancin haruffan da ke zuwa cikin manhajojin nan ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Na ga rigunan 'yan makaranta da aka rubuta sunan garinsu ba lanƙwasa, na kuma ga an rubuta wa mai suna Ɗanladi "Danladi" a hula, ya karɓa don ba yadda zai yi. Gyaran ba wuya: a rubuta k ko d, a farfasa kalmar ta koma siffofi, a ɗora ƙaramar sandar satin mai lanƙwasa a kan harafin, a tabbata ta haɗe da jikinsa ba tare da yanka a tsakani ba. In kun yi sau ɗaya ya yi kyau, ku ajiye haruffan a rumbu, kun huta har abada. Rubutun ajami da na Larabci kuwa a duba shi da idon wanda ya iya karantawa kafin a ɗinka, domin wasu manhajojin sukan raba haruffan ko su jera su daga hagu.

Idan zane ya fi firam girma, kamar gaban babbar riga, sai an raba shi an ɗinka a ɗauri biyu ko uku. A yanka shi a inda ado ya rabu da kansa, kada a ratsa tsakiyar tatami. A ƙarshen kashi na farko a sa ɗan gicciye na ɗinkin layi, a farkon kashi na biyu a sa irinsa a daidai wurin. In an sake ɗaura yadi, a saukar da allura a kan gicciyen farko, in ta hau daidai a ci gaba, daga baya a warware alamar.

Yadi ma yana da ta cewa

A allo da'ira da'ira ce. A kan yadi kuwa sai ta fito kamar ƙwai. Dalili shi ne zare yana jan yadi ta inda yake kwance, sandar satin ta tsuke a faɗi, ta kuma ɗan turo a tsawo. Manhaja tana da wurin da ake ƙara wa siffa 'yar rara don a rama wannan ja, kamar yadda tela ke barin rara a bakin ɗinki. A yadi mai tsauri irin shadda, wajen milimita 0.2 kan wadatar. Rigar ƙwallo da duk abin da ke miƙewa suna son fiye da haka, da shimfiɗa mai ƙarfi, da takardar ƙasa wadda ake yankewa da almakashi maimakon wadda ake yagewa. Boyel da sauran yadi marasa kauri kuma a buɗa musu tazara, a rage nauyin zare, in ba haka ba su tattare. Wato zanen da ya yi kyau a kan shadda ba lalle ya yi a kan boyel ba, kuma ya halatta zane ɗaya ya zama yana da 'ya'ya biyu a rumbu, kowace da yadin da aka gyara ta dominsa. A rubuta hakan a littafi.

Duk zanen da aka taɓa, ko da ɗan kaɗan ne, a gwada shi a ƙyalle irin yadin da za a yi aikin, da irin takardar, da irin zaren. Na san lokacin Sallah wannan magana tana da nauyi. Amma shadda mai sheƙi, irin su gezna, ba ta yafiya: in aka warware ɗinki, ramukan allura suna nan, ba guga ko bugu da zai ɓoye su. Minti ashirin na gwaji ya fi sauƙi a kan biyan yadi biyar na mutum da kuma jin kunyarsa. Bayan an ɗaura rigar gaske, a sa inji ya kewaya iyakar zanen ba tare da ɗinki ba, a tabbata allura ba za ta daki firam ba.

Yawan taku da manhaja ke nunawa shi ne ma'aunin farashinku. Zane mai taku 24,000 a inji mai gudun taku 800 a minti zai ci minti 30, ban da ɗauri, canjin zare da tsinkewa. In kun san abin da janareta ke sha a awa, da kuɗin zare da na yaro, kun san ƙasan da ba za ku sauka ba. Haka kuma, in kun ninka faɗi da tsawon zanen tatami sau ɗaya da rabi a uwa, filinsa ya ninku sau biyu da kwata, takunsa ma kusan haka. Wanda ya ce "a ɗan ƙara masa girma" ya kamata ya ji wannan lissafi kafin a fara.

Wace manhaja, kuma zanen wa?

Wilcom EmbroideryStudio ita ce ta manyan shaguna, tana da tsada ƙwarai. PE-Design ta masu injin Brother ce. Na san kwafin sata na yawo a kasuwa da araha. Ba na ba ku shawararsa: haƙƙin wasu ne, sau da yawa yana zuwa da ƙwayar cuta, kuma yakan rufe kansa a tsakiyar aiki ba wanda za ku kai wa kuka. Mai farawa ya sauke Inkscape, ya ɗora mata Ink/Stitch. Dukansu kyauta ne bisa yardar masu su, suna buɗe DST da PES da JEF, suna kuma fitar da su. Da su za mu yi aikin aji. Akwai maɓallin da ke mai da hoto ɗinki kai tsaye a manhajoji da yawa. Yana iya taimakawa a siffa mai sauƙi mai launi biyu, amma ga adon wuya sakamakonsa tarin tsalle ne da yanka, gyaransa ya fi tsarawa daga farko wahala.

Zane ma yana da mai shi. Aska takwas da dagi gadon kowa ne. Amma wuyan da wani ya kwana uku yana tsarawa, ya sayar muku don ku ɗinka, bai ba ku izinin ku raba shi a zauren WhatsApp ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, kuma tun kafin doka addini da al'ada sun hana cin guminsa. Tambarin makaranta ko na kamfani kuwa, mai shi kaɗai ake ɗinka wa.

Aikin wannan mako

Kowa ya zo da filashi mai ɗauke da zane goma daga shagonsu ko daga kwamfutar aji. Ku gina rumbu, ku ba kowane zane lamba, ku rubuta a littafi faɗinsa, tsawonsa, yawan takunsa da jerin zarensa. Daga ciki ku zaɓi fayil ɗin inji guda mai satin, ku fitar da shi sau uku ba tare da an sake lissafin taku ba: yadda yake, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari, da ƙarin kashi 50. Ku ɗinka ukun a ƙyalle ɗaya, ku auna faɗin sandar satin mafi girma a kowanne da abin awo, ku rubuta abin da kuka gani a bayan ƙyallen da gabansa. Waɗanda sunansu ko sunan garinsu ke da ƙ, ɗ ko ɓ su tsara shi da tsayin milimita 12, sauran kuma su rubuta "Ƙofar Mata". A kawo ƙyallayen ranar darasi na gaba, da su za mu fara maganar daidaita zaren sama da na ƙasa.